Ragon Ƙarshe da Malam Ya Saya

Watan nan Malam ya cika shekara shida da rasuwa, kuma har yau ba mu gama rigimarmu ba. Sunansa Habibu. Na yi shekara talatin da ɗoriya a gidansa ban taɓa furta sunan nan ba, sai ga shi yau na rubuta shi a jarida don mai karatu ya san wanda ake zance. Daga nan zan koma ga Malam ɗin da bakina ya saba. Rigimar tamu a kan abu ɗaya ce. Likitoci sun ba shi zaɓi tsakanin tiyata mai haɗari wadda in ta yi kyau za ta ƙara masa shekaru, da magani wanda zai riƙe shi ɗan lokaci kawai, shi kuwa ya ɗauki maganin. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a asibiti ƙuruciyata ta ƙare, na ce bai kyauta ba. Na faɗa masa yana raye, na kuma ci gaba da faɗa masa bayan ya tafi, galibi a kicin idan ina wanke-wanke.

Sai na fara da aikinsa, don daga can zancen ya taso. Kowace safiya yakan hau jirgin ƙasa mai lamba shida daga unguwar Parkchester da ke Bronx, a nan Amurka, inda muke zaune, ya gangara can ƙasan Manhattan, wani ofishi da ke nazarin kasuwar da ake cinikin kaya tun ba su samu ba. Alkama tana gona ko kai ba ta fitar ba, an riga an sayar da ita. Koko yana kan bishiya, ɗanyen mai yana ƙarƙashin ƙasa, duk an yi cinikinsu. A tsayar da farashi yau, a kawo kaya bayan wata shida ko shekara. Shi dai ko mudu ɗaya bai taɓa saye ba. Aikinsa shi ne gano abin da ke sa farashin da aka tsayar yau ya saɓa da wanda ake sa ran tararwa ranar kawo kaya, da kuma aljihun da bambancin yake faɗawa.

A masallacinmu na Tremont ba su taɓa gane wannan aiki ba. Akwai Alhaji Issaka, ɗan Kumasi mai shagon kayan abinci, wanda duk Juma'a sai ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Malam, yaya caca? Yau wa ya ci?" Malam ya yi dariya ya ce shi ɗan kallo ne, ko kati bai taɓa riƙewa ba. Ni ma ban fi Alhaji fahimta ba a shekarun farko. In aka tambaye ni abin da mijina yake yi, sai in ce malami ne, in kawar da zancen.

Wata rana ina tsintar shinkafa ya jawo kujera ya zauna ya warware mini. Ɗan mai sayar da hatsi ne a Dawanau, don haka bai sha wahalar samun misali ba.

"Sista," ya ce, don haka yake kirana, "manomi ya shuka gyaɗa, bai san abin da kasuwa za ta yi ranar kaka ba. Fargabar nan kaya ce a kansa, tana hana shi barci. Sai ya sami wani ya ce, zo in sayar maka tun yanzu, zan rage maka, kai dai ka ɗauke mini. Ragin nan shi ne kuɗin dako. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Daga ranar na san cewa mijina kuɗin dakon fargaba yake nazari, kuma tambayarsa kullum ɗaya ce: wa ya fi jin tsoro? In manoma ne suka fi tsoro, suka yi cincirindo suna neman sayarwa tun da wuri, dole su rage, mai saye ya ci kuɗin dako. In kuwa masu injin fulawa ne hankalinsu ya tashi, suna gudun kada alkama ta yi tsada ko ta ɓace, sai lamarin ya juya, su ne za su ƙara a kan farashi don wani ya ɗauke musu. Wannan tambaya ta bi mu har cikin gida. Mai gidan haya ya ƙara kuɗi, Malam ya ce wa ya fi tsoro, mu da za a kora ko shi da ɗaki zai zauna ba kowa? Lokacin da aka zo neman auren Zainab, 'yarmu tilo, sai da na taka masa ƙafa a gaban baƙi don na ga tambayar ta taso masa a baki.

Bayan tsoro akwai maganar rumbu, wadda ita ce ta fi ba shi sha'awa. Idan sito ya cika maƙil, labarin fari ko yaƙi ba ya girgiza kasuwa sosai, don akwai abin da za a ɗebo a cike giɓi. Idan rumbu ya kusa ƙarewa kuwa, ko tari aka yi sai farashi ya zabura, ɗan dako ya ce shi fa sai an ƙara masa. A irin wannan lokaci buhun da ke hannu yakan fi buhun da aka yi alkawari tsada, ko da hatsin iri ɗaya ne. Hausawa sun riga masana ganewa, in ji shi, tun da suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na ji wannan magana sau ba adadi, ina gyangyaɗi a wasu lokutan, ban san ranar da za a yi mini amfani da ita tana tafe ba.

Abin da ya riƙa ba shi haushi shi ne 'yan dakon da ba su san nauyin kaya ba. Shekarun da suka gabaci rugujewar bankunan Amurka a 2008, masu juya kuɗin fansho da manyan masu hannu da shuni sun ji labarin cewa ana samu a wannan kasuwa, suka kwararo ciki. 'Yan dako suka yi yawa, kuɗin dako ya karye, kamar yadda yake yi a kowace tasha. Da guguwar ta zo, hannun jari ya faɗi, alkama da mai suka bi shi, waɗanda suka zo da rawar jiki su ne farkon gudu. Manomi ya waiwaya bai ga mai ɗauke masa ba sai da tsada. Malam ya dawo gida a gajiye a kwanakin nan, ya cire takalmi ya ce, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ya ce ɗan dakon da shi kansa yake ɗauke da kaya ba ya ɗaukar na wani da arha.

Sai ga shekarar farin nan, 2012, da rana ta ƙone gonakin masara a tsakiyar Amurka. Aiki ya yi masa yawa, ya rame, muka ɗora wa azumi da zafi laifi. Bayan ƙaramar Sallah na lura idonsa ya sauya launi, na ja shi asibiti da kaina. Ciwon daji ne, kusa da hanta. Likitan ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Tiyatar babba ce, jikin Malam kuma ya riga ya yi rauni, yana iya tashi daga teburin, yana iya ƙin tashi. In ya tashi, akwai fatan shekaru. In za a yi, yanzu ne, domin bayan 'yan watanni ƙofar za ta rufe. In ba a yi ba, magani zai iya riƙe shi kamar shekara guda da izinin Allah, kuma yawancinta a gida zai yi ta. A lokacin Zainab tana da cikin fari, haihuwa sai cikin sanyi.

Ni ban ga abin shawara ba. Na ga mutanen da aka yi wa irin wannan aiki suna dawowa asibiti da ƙafarsu suna raba mana alewa. Na ce gobe ma a yi. Sai da muka hau jirgi, muka sauka, muka hau bene, sannan Malam ya ce ba zai yi ba. Yana so ya riƙe abin da Zainab za ta haifa a hannunsa, ya yi masa huɗuba a kunne da bakinsa.

Na yi faɗa, na yi kuka, na kira yayansa a Kano na kai ƙara. Na ce kai da ka ƙare rayuwarka kana lissafin kasada, yau da aka zo kanka sai ka zama matsoraci? Bai ji haushi ba.

"Ai ni manomi ne a wannan cinikin, Sista," ya ce. "Rumbuna ya kusa ƙarewa. Kin san yadda abin hannu yake tsada idan rumbu ya yi ƙasa. Ajali na Allah ne, ko na yi ko ban yi ba. Amma a cikin abin da aka nuna mini, na ɗauki wanda ya fi kusa da tabbas."

Na ce to ka sauke fargabarka, wa zai ɗauka? Ni ce zan zauna ina cewa da an yi, da an yi. Ni ce 'yar dakon, kuma ban ji an yi maganar kuɗina ba. Ya dube ni ya ce ɗan dako sai ya kai kaya ake sallamarsa. Wannan amsa ta ƙara ƙona mini rai, na yi kwana biyu ina ajiye masa abinci ba magana.

Cikin wannan fushin ne ya ce in kai shi wajen mai tumaki. Mutanen masallacinmu suna da wani tsohon Bature a ƙauyen Pennsylvania da suke sayen ragon layya a wurinsa, a je gonar a yanka a can, a dawo da nama a bayan mota. Da muka isa muka tarar da tsohon ya faɗa. Farin ya sa masara da ciyawa sun yi tsadar da ba zai iya ciyar da garkensa ba, yana shirin sayar da tumakin duka ya daina kiwo. Na zauna a mota ina kallonsu sun jingina da shinge. Ko ban ji ba na san tambayar da ke yawo a kan Malam, kuma amsarta tana rubuce a fuskar tsohon.

Da ya dawo mota ya ce ya sayi raguna. Ɗaya na suna, sauran na layya, shekara bayan shekara, har abin da ke cikin Zainab ya isa a ce masa tashi ka yi sallah. Ya biya duka nan take, tsohon ya rage masa, sun fayyace irin ragon da girmansa da lokacin karɓa, yadda malamai suka ce irin wannan ciniki ya halatta. Na ce mutum yana ciwo yana sayen ragon da ba zai ci ba, a hannun tsohon da shi ma ƙafarsa ɗaya tana kabari? In ya mutu fa? In raguna suka yi arha fa? Ya ce ai shi ya sa aka rage masa. Ya ce ya daɗe yana kallon dako daga taga, yana so ya taɓa ɗauka ko sau ɗaya, kuma ba ya son ranar Sallah ta zo in riƙa bin mazan mutane ina roƙon a nemo mini rago.

Shekarar da ta biyo baya raguna suka yi arha ƙwarai, don makiyaya da yawa sun zubar da dabbobinsu a kasuwa. Na kai masa labarin har gado, da ɗan jin daɗina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce da ɗan dako kullum riba yake ci, da ba wanda zai biya shi.

Zainab ta haihu cikin tsananin sanyi, mace. Malam ya karɓe ta da hannuwan da suka zama ƙashi da fata, ya kai bakinsa kunnenta, ya daɗe yana magana, fiye da yadda huɗuba take buƙata. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, abin da ya sa har yau nake kiranta Hajiya, don ba na faɗin sunan surukata ko da a jikin jaririya ne. Mai tumaki ya cika alkawari, ragon suna ya zo, Alhaji Issaka ya ci nama ya ce in dai wannan ce cacar to a sa shi a ciki. Bayan haka Malam ya sami watanni. Zainab takan kawo yarinyar da safe ta wuce aiki, in dawo daga asibiti in tarar da su a kan doguwar kujera, ita tana barci a ƙirjinsa, shi yana karanta farashin alkama ƙasa-ƙasa kamar mai yi mata waƙar reno. Ya ga haƙorinta na fari. Ya ga ta fara rarrafe. Ya ci hantar ragon layyar shekarar, loma ɗaya, don ya faranta mini. Bayan babbar Sallah da 'yan makonni ya rasu a ɗakinmu, da hantsi, taga a buɗe.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga kasuwarsa a yau. Dandalin da dillalai suke cika suna ihu suna ɗaga yatsu, wanda ya taɓa kai ni kallo na fito da ciwon kai, an rufe shi, yanzu na'urori ne suke ciniki da junansu cikin ƙiftawar ido. Ɗanyen mai ya faɗi warwas shekara guda bayan tafiyarsa. Ga rigimar haraji tsakanin Amurka da Sin, wadda ta bar manoman waken soya da sito cike ba mai saye. Ina jin da zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce na'ura ba ta jin tsoro amma mai ita yana ji, a nemo shi a tambaye shi. Da kuma zai tausaya wa manoman waken, don ya sha faɗin cewa fargabar da ta fi tsada ita ce wadda ba daga sama take zuwa ba, daga bakin shugabanni take fitowa. Ni da ban san komai a kan kasuwa ba, yanzu in na ji farashin masara a rediyo sai in tsaya da cokali a hannu.

Duk shekara, mako biyu kafin babbar Sallah, wayata takan yi ƙara, in ji muryar tsohon yana cewa ragon maigidana ya shirya. Haka yake faɗa, ragon maigidanki, kamar Malam yana ɗaki yana sa hula. Shekarar farko bayan rasuwarsa na ajiye wayar na yi kuka har na makara aiki. Daga baya na saba, har na riƙa jiran kiran. Raguna kuwa sun yi tsada bayan wancan arhar, sun kuma ci gaba da yi, sai dai ba ni da wanda zan kai wa wannan labarin har gado.

Bana ne ragon ƙarshe. Muka tafi da Zainab da mijinta da Hajiya, wadda yanzu take jin Hausa sarai amma sai ta ga dama take mayarwa. Ta tsaya a bakin shinge ta tambayi uwarta da Turanci ko wannan ne ragon da kakanta ya saya mata tun tana ciki. Aka ce shi ne. Ta ce to ai ya san da zuwanta ke nan. Ta faɗi haka ta ruga wajen 'yan tumaki, ba ta san abin da ta yi mini ba.

Tsohon ya ƙara tsufa, amma garken yana nan, ya ma fi da. Bayan an gama yanka ya tsaya yana murza hularsa. Ruwan bana ya yi yawa, an makara shuka, yana jin abincin dabbobi zai sake tsada, ga gwiwarsa tana neman aiki. Bai roƙe ni komai ba. Ni dai na tsinci kaina ina yi wa kaina tambayar Malam, na kuma ga ba ni ce na fi jin tsoro ba. Na ce masa ya sa mini na shekaru masu zuwa, yadda suka yi da maigidana, kuma ya rage mini, don ba a dako kyauta. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Zainab ta ce, "Mama, ke ma?" Na ce ni ma.

Ban sauka daga kan maganata ba. A cikin shekarun nan shida na yi jinyar waɗanda aka yi wa irin tiyatar da ya ƙi. Na ga waɗanda suka tashi suka aurar da jikoki, na ga waɗanda aka tura ɗakin aiki suna murmushi ba su ƙara buɗe ido ba. Ban san layin da Malam zai faɗa ba, ba kuma zan taɓa sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ne kayan da ya ɗora mini. Wasu ranakun yana da nauyi har yanzu. Ina kewarsa, kewa irin wadda ba ta jin rarrashi, kuma da an ba ni zaɓin a yau tiyatar zan sake cewa a yi.

Amma na yi masa shaida a kan abu ɗaya. Mutum ne da ya san fargaba kaya ce, bai taɓa raina wanda ya kasa ɗauka ba, bai kuma taɓa ɗora wa wani ba tare da ya san abin da ya ɗora masa ba. Ya sauke wa tsohon makiyayi tasa, ya ba ni tawa, ya ce sai na kai za a sallame ni. A hanyarmu ta dawowa daga gonar Hajiya ta yi barci a cinyata, kanta a daidai inda nake jin nauyin, kunnen da ya yi wa huɗuba yana sama. Har gobe zan ce Malam ya sayar da arha. Sai dai na ga abin da ya saya, ina riƙe da ita har muka shigo Bronx.

Allah ya jiƙan Malam, ya sauke masa duk wani nauyi, ya sa ya tarar da rumbunsa a cike.